Tsohuwar Fijo a Ƙofar Gida

Ƴan'uwa, mota ɗaya ce a ƙauyenmu, cikin ƙasar Dungas. Peugeot 504 ce mai buɗaɗɗen baya, wadda muke kira Fijo. Gadon mahaifina ce. Da ta lalace, mai naƙuda sai a amalanke ake kai ta likita. Shi ya sa na ƙi sayar da ita.

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar Fijo a Kaduna. Don haka kayanta ba su yi mini wuya ba, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na samo su. Injinta ba shi da kwamfuta, hannu da sifana sun isa.

A ƙofar gida muka yi aikin, ni da wani makaniki daga Magariya. Muka wanke karbireta, muka sake buji da birki, muka like lagireto. Muka ƙara sifirin a baya saboda buhunan gero. Matatar iska kuwa, kowane mako nake kaɗe ta, don rairayi shi ke cin inji.

Yanzu ran Alhamis har kasuwar Maigatari take kai mu. Mai tsohuwar mota, kada ka yi saurin yar da ita. Da tsohuwar zuma ake magani.