DATTIJON DA YAKE ƊAURA WA ITATUWA AURE

Duk wanda ya san garin Lafiya ya san shi ne da doya da riɗi da rogo da agushi, watau abubuwan da ake lodawa a manyan motoci ana kai wa garuruwan kudu da na arewa. Amma tun daga ran 1 ga watan Oktoba na 1996, da aka cire Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato aka mai da Lafiya hedkwata, sai wani irin shuka ya yawaita a garin wanda ba a ci, ba a kuma kai shi kasuwar hatsi. Sababbin ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata kowanne ya dasa abin ado a bakin ƙofa, irin wanda jama'a suke kira fulawa ko da ba ya yin furen kirki. Wanda ya fi yawa a ciki shi ne kuroton, wani ɗan itace mai ganye mai kauri da sheƙi, kore da rawaya da ja a cakuɗe, sai ka ce an yayyafa masa fenti.

Shi wannan itace baƙo ne. Asalinsa ƙasashen Indunusiya da Malesiya da tsibiran tekun Fasifik, inda iska take da laima shekara da shekara. A cikin ƙarni na 19 masu fataucin tsirrai suka yi ta kai shi Turai, daga baya ya bazu a ƙasashe masu zafi. Abin da mai karatu zai lura da shi a nan shi ne, ba da iri ake yaɗa shi ba. Reshe ake yanka a kafa a ƙasa ya yi saiwa, maƙwabci ya yanka daga wurin maƙwabci, ta haka itace ɗaya yakan cika unguwa. Saboda haka yawancin waɗanda ake gani a gari, jikin kakanninsu ne da aka zo da su daga nesa, da halinsu na can. Shi ya sa idan hunturu ya buso a watan Disamba, iska ta bushe, sai a ga da yawansu sun kakkaɓe ganye sun tsaya tsirara kamar sanduna.

Akwai wani dattijo a Lafiya wanda wannan abu ya daɗe yana damunsa. Tsohon malamin gona ne, ya fara aiki a zamanin shirin raya aikin gona na Lafiya wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a ƙarshen shekarun 1970. Yawancin ƙuruciyarsa ya ƙare ta ne bisa babur, yana bin ƙauyuka da damin karan rogo. A lokacin nan ne cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta fitar da sababbin irin rogo masu jure cutar da take nannaɗe ganye, ƙarƙashin jagorancin wani masani ɗan ƙasar Koriya mai suna Dokta Hahn. Dattijon ya ga yadda waɗannan iri suka sauya gonakin talakawa, ya kuma riƙa tambayar na gaba da shi yadda aka yi aka same su, har ya fahimci cewa aure aka haɗa tsakanin wani rogo da wani.

Bayan ya yi ritaya, wata rana yana gyaran shingen gidansa sai ya ga kuroton ɗinsa ya fid da 'ya'ya, ƙanana masu ɗaki uku, kamar 'ya'yan rogo sak. Da ya bincika sai ya tarar ashe dangi ɗaya ne, su da zurma da bini-da-zugu. Dukansu suna fid da furen namiji daban da na mace daban a jikin itace guda, dukansu kuma ɗansu idan ya nuna fashewa yake yi ya watsar da iri. Nan take ya ce a ransa, in dai an iya yi wa rogo aure don ya jure cuta, to, ana iya yi wa wannan don ya jure hunturu.

Ya zaɓi iyaye biyu. Ɗaya wani ne mai faffaɗan ganye ja wur, kyakkyawan gaske, amma rago, da sanyi ya taɓa shi sai ya zube. Ɗayan kuwa mai siririn ganye ne kore da ɗigo-ɗigon rawaya, ba wani kyau gare shi ba, sai dai ya shekara da shekaru a bakin wani tsohon ofis ba mai ba shi ruwa, bai kuwa taɓa yin tsirara ba. Abin da dattijon yake nema shi ne ɗa mai kyan na fari da taurin ran na biyu.

Aikin kansa ba ya bukatar kayan ƙasar waje. Duk manomi ya san bununin gero, ya san namijin gwanda ba ya 'ya'ya, mutanen ƙasar Agadas kuma tun kaka da kakanni da hannu suke kai garin furen namijin dabino ga tamata. Furen namijin kuroton fari ne, tattare da 'yan zaruruwa masu ɗauke da gari. Na macen ɗan ƙurji ne mai baki uku. Tun kafin furen macen ya buɗe, sai dattijon ya ɗinka 'yar jaka ta yadi shara-shara ya rufe shi, don kada ƙuda ko ƙudan zuma su riga shi kawo garin wani. Idan ya buɗe, da sassafe sai ya sa gashin kaza ya shafo garin uban ya ɗiga a bakin uwar, ya mai da jakar ya ɗaure, ya rataya 'yar takarda mai ɗauke da kwanan wata da lambar iyaye. Jakar nan ita ce kuma take tare irin ranar da ɗan ya fashe. Irin ba ya jimirin ajiya, don haka da ya samu sai ya shuka a cikin gwangwanin madara.

Daga nan ne wahalar take farawa. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a sha'anin kuroton karin maganar da ta fi dacewa ita ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Iri uku daga ɗa guda, kowanne da kamanninsa. Daɗin daɗawa, yawancinsu kore suke fitowa, ba su nuna ainihin launinsu da siffar ganyensu sai sun shekara biyu ko uku. Watau mutum zai yi ta ɗauko ruwa yana bai wa ɗaruruwan gwangwanaye alhali bai san wanne ne zai yi amfani ba, ya kuma san kusan dukansu zubarwa za a yi.

Dalilin launin nan kuwa sananne ne ga masana. Rini iri uku ne a cikin ganyen. Akwai kore, wanda da shi itace yake dafa abincinsa da hasken rana. Akwai rawaya, dangin wanda yake cikin karas da manja. Akwai kuma ja, dangin wanda yake cikin zoɓorodo. Inda koren ya yi ƙaranci sai rawayan ya bayyana, idan rana ta bugi ganye sosai jan yakan ƙaru, wanda aka ajiye a inuwa kuwa sai ya dushe ya koma kore. A nan ne gizo yake saƙa: tsiron da ya fi ɗaukar ido, mai rawaya fal, sau da yawa shi ne mafi rauni, domin ba shi da isasshen koren da zai ciyar da kansa. Dattijon ya binne irin waɗannan kyawawa ba adadi.

Mutane ba su bar shi ya huta ba. Abokan zamansa na ƙofar masallaci sukan ce Malam ya tsufa ya koma wasan ƙasa. Uwargidansa takan tsaya a kansa da rani, lokacin da rijiya ta ja baya ana sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ta ce, "Malam, wannan ganye naka ko miyar kuka ba ya yi, ga ruwan jikinsa yana sa ƙaiƙayi, me za a ci a ciki?" Maganarta gaskiya ce, kuɗin fansho ba ya isa ruwan mutane balle na gwangwanaye. Sai suka shirya a kan ruwan alwala da na ɗauraya kaɗai za a riƙa tara masa a cikin randa. Wannan ƙaranci ya zama alheri, domin duk tsiron da ba ya iya jure ƙishirwa ya mutu da kansa, ya rage masa aikin zaɓe.

Wani kuma ya tambaye shi ko wannan ba shisshigi ba ne a cikin halittar Ubangiji. Ba shi ne farkon wanda tambayar ta taɓa ba. A wajen 1717 wani mai lambu a Landan, Thomas Fairchild, ya haɗa wasu furanni biyu masu dangantaka ya sami sabo, Turawa suka sa masa suna alfadarin Fairchild, saboda shi ma ba ya haihuwa. An ce abin ya tsaya wa mutumin a rai, da zai mutu a 1729 ya bar wasiyyar kuɗi don a riƙa yin wa'azi kowace shekara a kan al'ajabin halitta. Amsar dattijon Lafiya gajeriya ce. Ya ce shi ɗan aike ne kawai, abin da iska da ƙudan zuma suke ɗauka kullum shi ya ɗauka da gashin kaza, abin da zai fito kuwa ba shi da iko a kansa. Ga masu cewa aikin banza ne, yakan tuna musu cewa rogon nan mai rawaya da aka fitar a Nijeriya a 2011 don maganin ƙarancin bitamin A, da irin wannan aure aka same shi, kuma rinin da ake nema a cikinsa ɗan'uwan na ganyensa ne.

A hunturu na shida ne ya ga abin da yake nema. Guda ɗaya tak, a cikin duk waɗanda suka rage, ya wuce Disamba da Janairu da zafin Maris ganyensa cif. Ganyen yana fitowa kore da jijiyoyi rawaya, in ya manyanta sai ya rine ya koma ja mai duhu kamar jar fatar dukawa. Bai yi gaggawar murna ba. Ya kankare ɓawon wasu rassa, ya naɗe wurin da jiƙaƙƙiyar ɗusar katako a cikin leda har suka yi saiwa, ya yanke ya dasa wasu a rana wasu a inuwa, ya jira shekara biyu don ya tabbata 'ya'yan za su riƙe halin uwar. Suka riƙe.

To, a nan ne babbar matsalar ta ɓullo. Abin da ya ci wa mutum shekara 8, wani yana iya ɗauke shi da reza cikin ƙiftawar ido. Haka kuwa aka yi. Wani saurayi mai sayar da fulawa a bakin titi ya zo kallo, ya yaba, ya tafi. Bayan damina ɗaya sai ga irin dattijon jere a cikin ledoji, ana gaya wa masu saye wai daga ƙasar waje aka kawo shi. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi yi masa ciwo, fiye da kuɗin. Da ya je ya same shi, saurayin ya durƙusa ya ce, "Baba, a gafarce ni. In na ce na nan ne, ba mai saye da daraja."

Doka ba ta yi shiru a kan irin wannan ba. Amurka ta yi dokar mallakar sabon tsiro tun 1930. A Nijeriya kuwa sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kare haƙƙin masu samar da sabon iri, wadda take ƙarƙashin kulawar hukumar irin shuka ta ƙasa. Sharaɗinta shi ne irin ya zama sabo, ya bambanta da saura, 'ya'yansa su yi kama da juna, ya kuma riƙe halinsa daga tsatso zuwa tsatso. Babban ɗansa ya matsa masa ya kulle lambun ya nemi rajista. Dattijon ya yi kwana da kwanaki yana auna maganar. Ya ga dokar tana da amfani ƙwarai ga kamfanonin iri da cibiyoyin bincike, amma shi ba shi da kuɗin zirga-zirgar Abuja, ba shi kuma da ƙarfin bin kowane mai leda kotu. Abin da ya fi tsorata shi ma wani ne daban: muddin irin yana bayan katanga ɗaya, to, rani guda mai tsanani, ko farin ƙwaron nan mai kama da auduga da yake tsotse ganye, ko kuwa mutuwarsa shi kansa, ya isa ya shafe shi daga duniya.

Sai ya tuna yadda manoma suke raɗa wa iri suna. Har yau ana cewa gyaɗa 'Yar Dakar, ana cewa wake Ɗan Ila, sunan yana bin irin duk inda ya je ba tare da takarda ba. Ya kira saurayin nan ya ba shi rassa da hannunsa, ya koya masa naɗin leda, ya ce masa, "Ɗana, ka sayar ka ci abinci, na yafe. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda ya saya ka gaya masa sunanta 'Yar Lafiya, a nan aka haife ta." Ya ba makarantar unguwa, ya ba maƙwabta, ya ba baƙin da suka zo daga Keffi da Akwanga da Makurɗi, kowa da wannan sharaɗi.

Ɗansa bai gamsu ba har yanzu, yana ganin an yi kyauta da gadonsu, kuma ba za a ce ba shi da hujja ba. Ƙasar da mai ƙirƙira ba ya cin moriyar guminsa, masu ƙirƙira ba za su yawaita a cikinta ba. Ga Kwalejin Aikin Gona a Lafiya, ga Jami'ar Tarayya, ga kuma cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da aka kafa a Ibadan a 1975. Da irin waɗannan wurare za su riƙa neman masu gwaji a bayan gida, su karɓi irinsu su adana, su taimake su wajen rajista, da ba sai mutum ya zaɓi tsakanin haƙƙinsa da rayuwar abin da ya samar ba.

Shi dai dattijon ya riga ya ɗaura wani sabon aure, tsakanin 'Yar Lafiya da wani mai murɗaɗɗen ganye. Ya san lissafin sarai: shekara biyu ko uku kafin launi ya fito, wasu kuma kafin a tabbatar, ga shi ya haura saba'in. Saboda haka a wannan karo bai riƙe littafin lambobin shi kaɗai ba. Ya danƙa shi a hannun wata jikarsa 'yar sakandare, ita take rubuta kwanan wata, ita take ɗinka jakunkuna, kuma an ce hannunta ya fi nasa natsuwa wajen riƙe gashin kaza.