Ƙasar Makka Tsakanin Masallaci Da Kasuwa

Duk alhajin da ya fito daga Harami ta Ƙofar Sarki Abdul'aziz, abin da zai fara tare masa ido shi ne dogayen benayen nan guda bakwai da ake kira Abrajul Bait, mai agogon nan kuwa tsawonsa mita 601. Hawan ƙasa duk kantuna ne, ga masu zinariya, ga masu turare da dabino, ga wuraren cin abinci, can sama kuma masaukan baƙi. Da yawa daga cikin alhazanmu a nan suke sayen tsaraba, ba su san a da dutse ne a wurin ba, bisa kansa akwai ganuwar Ajyad wadda Turkawan Usmaniyya suka gina a ƙarni na 18 domin tsaron Ɗakin Allah. A shekarar 2002 aka rushe ta, aka baje dutsen. Hukumar Turkiyya ta yi ƙorafi ƙwarai, Sa'udiyya kuwa ta ce al'amarin cikin gidanta ne. An gama ginin a 2012, kuma waƙafi ne da sunan Sarki Abdul'aziz, watau amfaninsa na hidimar Haramai biyu ne.

In mutum ya zaga arewa da Harami sai ya taka inda unguwar Shamiyya take a da. A 2008 aka soma rushe gidajenta, filin ya shiga cikin faɗaɗawar Sarki Abdullahi. Yau inda mutane suke kwana da, sahun salla ne. Wannan ba ni da ja a kansa, gama yana da asali. Azraƙi, mai littafin tarihin Makka, ya kawo cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya sayi gidajen da ke kewaye da Ka'aba ya rushe, a shekara ta 17 bayan Hijira ke nan, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma ya ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. Sayyidina Usman ma haka ya yi a shekara ta 26. Malamanmu na Malikiyya sun yarda a tilasta wa mai gida ya sayar saboda faɗaɗa masallaci ko hanya, har ma in gidan waƙafi ne.

To amma fa yamma da Harami, ƙetaren Titin Ibrahimul Khalil, labarin dabam ne. Nan ne Jabal Umar, tsohuwar unguwa mai lunguna a bisa dutse. An kafa kamfani a 2007, aka haɗe filayen unguwar wuri guda, masu gidaje da dama suka shigar da filayensu aka ba su hannun jari, sa'an nan aka tsayar da manyan otal-otal da kantuna. Gaba da nan kuma ga aikin Masar, wanda ya ratsa tsoffin unguwanni na nisan fiye da kilomita uku. Ba na musun cewa lungunan nan sun matse, motar asibiti ba ta iya shiga, alhazai kuma suna ta ƙaruwa, dole a sama musu makwanci. Duk da haka tambayar tana nan: abin da ya halatta saboda masallaci, ya halatta saboda kasuwa?

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta duba wannan mas'ala, ta kuwa gindaya sharuɗɗa. Sai dai shugaba ko wakilinsa ne zai karɓe. A biya nan take, bisa kimar da masana suka yanke, kada ta gaza kuɗin da irin filin ke yi a kasuwa. Ya zamana akwai larura ta jama'a, kamar masallaci ko hanya ko gada. Sharaɗin da ya fi nauyi a wurina shi ne kada filin da aka karɓe ya koma abin juya dukiya, na hukuma ne ko na wani attajiri. In sharuɗɗan nan suka faɗi, majalisar ta ce ya zama zalunci da ƙwace.

Saboda haka ni dai a ganina, in kasuwa za a gina, ba a da hanya sai ciniki na yardar juna. Ba wa mai fili hannun jari dabara ce mai kyau, muddin yana da ikon cewa a'a. Wanda aka nuna wa takardar sa hannu alhali motar rusau tana bakin lungu, ba a ce ya yarda ba.

Akwai kuma wanda ba ya cikin lissafin kowa, shi ne ɗan haya. Diyya mai takardar mallaka take bi. Makka kuwa cike take da jikokin Takari, 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani da Barebari waɗanda kakanninsu suka taka a ƙasa ta Chadi da Sudan, suka zauna a irin su Jarwal da Misfala da Shari' Mansur, har gobe za ka ji Hausa a bakinsu. In aka rushe unguwa, talakan da ke zuwa Harami da ƙafa sai ya koma bayan gari, kusa da Ka'aba kuma ya zama na mai iya biyan ɗaki. Ba a banza ba magabata suka yi saɓani a kan sayar da gidajen Makka da ba da su haya. Imam Shafi'i ya halatta, ya kafa hujja da gidan Safwan ɗan Umayya da Sayyidina Umar ya saya dirhami 4000. Waɗansu kuwa suka ƙi, suna dogara da aya ta 25 ta Suratul Hajji wadda ta daidaita mazauni da baƙo.

Ma'aikatanmu na ofishin filaye, ku ma wannan hukunci ya hau kanku, domin Dokar Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke takardar fili saboda amfanin jama'a, ku kuwa ku ne kuke rubuta masa dalilin. Alhazai 'yan kasuwa, ku ne kuke sayen rumfa bayan an gina. Majalisar nan ta Jidda ta ƙara da cewa in aka karɓi fili saboda wata maslaha, daga baya aka fasa, to mai shi na asali, ko magadansa, su suka fi kowa cancantar a mayar musu da shi bisa kima ta adalci.