Yadda Gizo Ya Shiga Kwamfuta A Sabon Ibadan

'Yan uwa, na nan Sabo da na Sasa, da na Shagamu da Agege, da duk inda neman abinci ya kai mu a ƙasar Kudu. Yau ba zancen kasuwa na zo da shi ba, zancen yaranmu ne, kuma zan fara da tona wa kaina asiri.

Ni malamin firamare ne, a wata 'yar ƙaramar makarantar kuɗi da ke cikin unguwa. Na yi shekaru ina koyar da darasin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba. Sai in zana ta a allo da alli, in ja kibiya in rubuta sunan kowane sashe, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Iyaye su ga maki 90 su yi mini addu'a. Ni ma ina ganin aiki nake yi.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne a 2015, shekarar da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ɗan yayata, wanda da hannuna na koyar da shi, ya je ya dawo idonsa jawur. Ya ce, "Kawu, wallahi na san amsoshin, amma kibiyar nan ta ƙi tsayawa inda nake so." Ashe bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar. Ya san sunansa da Turanci, ya san ma'anarsa, amma hannunsa bai san shi ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Da taimakon wasu 'yan kasuwa muka haɗa tsofaffin kwamfutoci 4, irin na tafi-da-gidanka, 'yan tokumbo, ga yara 32 a aji biyar. Da farko na sa su koyon buga rubutu, kowa ya kwafi shafi ɗaya na littafi. Mako biyu ba a yi ba suka fara hamma. Na gane allon nan nawa ne dai na sake kawowa, sai dai wannan karon yana cin wuta.

Daga nan ne wani abokina ya nuna mini wata manhaja mai suna Scratch. Masana a jami'ar MIT da ke Amurka ne suka ƙirƙire ta, ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick, aka fito da ita a 2007 domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Kyauta ce, kuma idan ka saukar da ita sau ɗaya, tana aiki ko babu intanet. Ba a rubuta umarni a cikinta. Wasu 'yan tubala ne masu launi, kowanne ɗauke da umarninsa, yaro ya jawo ya jona su kamar mai jera bulo. Wannan ya ce yi taku 10, wancan ya ce juya, wani ya ce dakata, wani ya ce maimaita. Da ka danna koriyar tuta sai wata kyanwa ta aikata abin da ka jera, ba daɗi ba ragi.

Yaran sun so kyanwar, amma ni ina son abin da ya fi haka. Sai na ce kowace ƙungiya ta je gida ta samo tatsuniya, mu mayar da ita katun. Ya kai mai karatu, a nan na sha mamaki na biyu. Fiye da rabin ajin ba su taɓa jin an yi tatsuniya a gidansu ba. Tun 1916 aka kafa Sabon nan, jikoki da tattaɓa-kunne ne ke zaune a ciki yanzu. Yaranmu in suna wasa Yarbanci suke yi da Burokin, kuma ban ga laifinsu ba, harshen maƙwabta arziki ne. Amma a ce yaro Bahaushe bai san wace ce Ƙoƙi ba, wannan ya taɓa ni.

Wata yarinya ce ta cece mu. Kakarta na raye, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli. Na bi yarinyar gida da wayata bayan la'asar, na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai da iliminka, ba ka san ba a tatsuniya da rana ba?" Na ce, "A gafarce ni, Iya." Dole na koma bayan isha'i. Ta ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi, tana sauya murya, tana yin tsamin bakin Gizo, jikokinta sun zagaye ta baki buɗe. Muka naɗe komai.

To, a wajen mayar da labarin nan katun ne aka yi karatun da na kasa koyarwa shekara da shekaru. Sai da suka zana Gizo da kansu, kuma mai zana ƙafa takwas da linzami, hannunsa ya gama sabawa da shi. Da suka sa shi tafiya, ya kai bango ya juyo, sai ga shi ƙafafu a sama kai a ƙasa. Aji ya kece da dariya. Na danne zuciyata na ƙi gaya musu maganin, suka yi ta lalube har wani yaro ya gano inda ake ce masa ya riƙa juyawa hagu da dama kawai. Filin da ake wasan a kai faɗinsa taku 480 ne, sifili na tsakiya, 240 ta dama, 240 ta hagu. Don su ajiye Ƙoƙi a hagu, sai da suka yi amfani da lambar da ke ƙasa da sifili, abin da malamin lissafi bai kai su ba tukuna.

Wanda ya fi burge ni shi ne ranar da Gizo da Ƙoƙi suka riƙa magana a lokaci guda, muryoyi suka cakuɗe. Yarinyar nan ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ai a gidanmu ma sai babba ya gama magana." Ta jawo tubalin dakatawa ta sa wa Ƙoƙi. Shi ke nan, magana ta daidaita. Ko harafin Ƙ da babu shi a allon rubutunmu, sai da suka nace aka nemo shi, don sun ce Koki ba ita ba ce.

Kada a ɗauka komai ya tafi sumul. Wuta kan ɗauke ana tsakiyar aiki, batiran sun tsufa, sau biyu aikin mako guda ya salwanta kafin su koyi adanawa. Yara 8 a kan kwamfuta ɗaya, in ban sa ido ba maza ke ƙwace linzami, sai da na kafa dokar karɓa-karɓa. Wani uba, ɗan canji, ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, kuɗin makaranta nake biya ko kuɗin kallon katun?" Na roƙe shi ya zo ranar da za mu nuna wa iyaye. Ya zo, ya ga ɗansa na bayanin yadda tubali ɗaya ke maimaita aiki sau 20. Da aka tashi ya ce, "To, da wannan zai ci JAMB?" Na ce, "Alhaji, ci na Allah ne, amma hannunsa ba zai yi rawa ba." Bai ce komai ba. Yaron da ya gyara kifewar Gizo kuwa, kafin ƙarshen zango aka cire shi aka kai shi rumfa a kasuwar Bodija. Har yau abin na ci mini rai.

Wasu na cewa sai gwamnati ta kawo kayan aiki. Ku tuna a 2007 an raba wa yaran firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari, ƙarƙashin shirin Nicholas Negroponte na kowane yaro da tasa. Shirin bai bazu zuwa sauran makarantun ƙasar nan ba. Ni abin da na gani da idona shi ne, na'ura ita kaɗai ba ta koyar da yaro. Yaro na koyo ne idan yana ƙera abin da ya dame shi, abin da zai nuna wa kakarsa. Ranar da Iya ta ji muryarta na fitowa daga bakin Gizo, ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta ce jikarta ta sake kunnawa.

Don haka 'yan uwa, duk mai tsohuwar kwamfuta da ke shan ƙura a shago, ya kai ta makarantar unguwarsu. Duk wanda tsohuwarsa ke raye, ya tura mata jikoki bayan isha'i. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu dace.