Neman Gida a Kafanchan

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Kafanchan a 1927 garin ya zama matattarar baƙi, shi ya sa gida mai kyau ba ya daɗewa a hannun dillali. Da na sauka kwanan baya, na tarar da malaman Gidan Waya da fataken citta daga Kwoi da Nok suna zawarcin gida guda.

Mai kuɗi a hannu ya fi mai alkawari, amma kuɗi kaɗai ba su isa ba. Tun bayan rikicin 1987 da na 2011, mai sayarwa kan fara tambayar wa ya san ka a unguwar. Wanda ya yi nasara ran nan da dattijo ya zo, ya tsaya masa gaban mai unguwa. Bai ƙirga kuɗi ba sai da ya ga takardar mallaka, domin dokar filaye ta 1978 ta rataya cinikin a kan yardar Gwamna.