Tsadar Lasifika Da Ma'aunin Buƙata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, wani tsohon almajirinmu, wanda Allah Ya buɗa masa a fatauci, ya ziyarce mu ya tarar muna sauraron karatun Shaihu Mahmud Khalil Al-Husari da wata 'yar lasifika ta tsaka-tsaki. Sai ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, wannan ba ta dace da ku ba." Ya nemi izni ya sayo mana irin manyan nan na ƙasashen waje, waɗanda kuɗinsu ya isa sayen mota. Ba mu amsa nan take ba, domin ƙin kyautar masoyi abu ne mai nauyi, kuma zuciyarmu, gaskiya, ta karkata.

Da farko wajibi ne mu yi wa na'urar adalci. Bambanci tsakanin lasifika mai kyau da maras kyau tabbatacce ne. Wanda ya karanci tajwidi ya san haruffan safiri, wato sadi da zayi da sini, sautinsu siriri ne, kuma lasifikar banza takan cakuɗa su har ɗalibi ya kasa rarrabe sini da sadi. Haka nan 'yar ƙaramar lasifikar wayar hannu ba ta iya fitar da kaurin muryar namiji. Saboda haka wanda ya ƙara kuɗi domin ya ji mafitar harafi sosai, bai yi almubazzaranci ba.

Amma ƙarin yana da iyaka, kuma iyakar farko kunne ne. Masana sun tabbatar cewa kunnen yaro lafiyayye yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a kowane sakan, sa'an nan sirarin sautukan su riƙa ɓace masa yayin da shekaru suke hawa. Mu da muka haura hamsin, wani sashe na abin da za a biya dominsa ya riga ya wuce jinmu. Iyaka ta biyu ita ce asalin ɗaukar muryar. Al-Husari ya yi cikakken murattalinsa na riwayar Hafsu a Masar a shekarar 1961, da na'urorin wancan zamani, kuma babu lasifikar da za ta fitar da abin da ba a ɗauka ba. Ta uku ɗaki ne. Bangon siminti da daɓen tayil suna mayar da amo ya haɗu da na bayansa, alhali darduma da labule da kantar littattafai suna gyara wannan da kuɗi kaɗan.

Akwai kuma yaudarar ido. A shekarar 1994 Floyd Toole da Sean Olive, masana sauti a kamfanin Harman na Amurka, sun sa mutane su auna lasifikoki suna kallonsu, kana suka maimaita a bayan labule. Da ana gani, manya masu tsada suka sami fifiko mai yawa. Da aka ɓoye su, sai ratar ta ragu ƙwarai. Ashe wani ɓangare na daɗin da mai saye yake ji, idonsa ne da sanin farashi suke kawo shi.

Malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi, sun kasa maslaha gida uku: larura, da buƙata, da ƙawa. Ƙawa halal ce ga mai hali, matuƙar bai tauye haƙƙin iyali ko zakka ba, kuma bai nufi alfahari ba. Ba mu haramta wa kowa abin da Allah Ya halatta. Sai dai da muka ɗora tamu a kan wannan ma'auni, muka ga buƙata ta riga ta biya, saura kuwa sha'awar a shigo a gani ce, alhali rufin makarantar yara da ke zaurenmu yana yoyo tun damina biyu.

Muka kira shi muka ce, "Ɗana, mun karɓi niyyarka, amma ka mayar da ita kwanon rufi." Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce ya ji ya yarda.

Shawararmu ga mai niyyar saye ita ce ya tafi da karatun da ya saba ji, ya juya baya ya saurara kafin ya tambayi farashi. In kunnensa bai rarrabe ba, ya riƙe kuɗinsa. Allah Ya sa mu dace, amin.