Ƙwari Biyu da Na Gani a Tailan

A kasuwar Chatuchak ta birnin Bankok akwai masu sayar da 'yan kunne kore shar, masu walƙiya, in an juya su a rana sai su rikiɗe shuɗi. Duk wanda ya gani zai rantse ƙarfe ne aka goge. Da na taɓa, sai na ji ba nauyi ko kaɗan. Mai kayan ta ce, ai ɓawon fiffiken ƙwaro ne.

Babu rini a jikinsa. Ɓawon hawa-hawa ne, sirara ƙwarai, su ke karya haske su fito da launin, shi ya sa yake shekaru aru-aru bai koɗe ba. Tsutsar ƙwaron a ƙasa take daɗewa tana cin saiwa, shi kuwa babban 'yan makonni kawai yake yi da damina. Mutanen arewa maso gabashin ƙasar sukan soya shi su ci, su adana fukafukan. Sarauniya Sirikit, wadda ta kafa gidauniyar sana'o'in hannu a 1976, ta farfaɗo da ɗinka su a jikin tufafi. Dangin ƙwaron a duniya sun haura iri 15,000.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai ba a sayar da shi a kasuwa. A Chiang Mai na ga farar saƙa ta bi jikin wata bishiya, lungu-lungu, kamar ta gizo-gizo. Da aka ɗaga gefenta da tsinke, sai ga wani siririn ƙwaro mai duhun jiki ya zura da baya a guje! Zarensa daga ƙafafun gaba yake fita, inda suka ɗan kumbura. Da su yake shafa ɓawon itace yana shimfiɗa hanyar da zai bi, yana cin gansakuka da ruɓaɓɓen ganye a ƙarƙashin rufinsa. Macen ba ta da fiffike, ita ke tsaron ƙwai. Namijin yana da shi, amma da zarar ya balaga ya daina cin abinci. Danginsa wajen iri 400 kacal aka sani.

Na farkon ado aka halitta masa, shi kuwa wannan aikin kansa ne ke rufa masa asiri, kuma a wajena ya fi ban mamaki.

Dukansu suna da dangi a Afirka. In ka fito daga masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki, ɗan tsaya ka duba jikin tsofaffin bishiyoyi da kyau, ka nuna wa yaranka.