Mai Takarda da Mai Hannu: Zancen Horon Kare

Yau zancen kare za mu yi, kada ka yi dariya. A ƙasarmu ta Adar kare ma'aikaci ne. Shi ke tsaron garke da dare, shi ke korar dila daga bakin awaki, shi ke kamo wa mafarauci zomo. In ka tashi daga Tawa ka yi arewa, ka bi ta Barmu ko Tabalak har Abalak, da wuya ka tarar da zangon makiyaya wanda babu kare.

To, ga tambaya. Mutum biyu sun zo wurinka. Na farko ya ce: "Ni na yi lakwal, na karanta sha'anin dabbobi, ga takardar shaidata." Na biyu ya ce: "Ni ban san ko bihim ba, amma shekara 30 ke nan ina horon karnuka." Wa za ka ba ɗan kwikwiyonka?

Na sha jin wannan gardama a dandali, na kuma ji ta a kasuwar Tawa ran Lahadi. Wasu su ce takarda banza ce. Wasu su ce wanda ba shi da takarda jahili ne. Ni ga abin da na gani: kowannensu yana da wurinsa. Wanda bai san wurin kowanne ba yana iya asarar kare, yana ma iya asarar ɗa.

Abin da hannu ya sani

Ka taɓa lura da yadda tsohon mafarauci yake renon kare? Yakan ɗauke shi tun yana ƙarami. Da hannunsa yake ba shi nono da tuwo. Suna ɗaya yake kiransa da shi, fito iri ɗaya yake yi masa. In ya fara tasawa sai ya haɗa shi da tsohon kare su shiga daji tare, ƙarami yana kallon babba. Ran da ya yi kamun farko, nan take ake ba shi rabonsa, ba a bari sai an koma gida. Gwanin mafarauci ba ya yawan duka, don ya san kare mai shan sanda yakan zama matsoraci ko macijin mutane. Shi ya sa ake cewa ba a kiwon kare ran farauta.

Masu bincike sun rubuta irin wannan a littattafai. Sun ce daga mako 3 zuwa mako 12 na haihuwa, lokacin ne kwikwiyo ya fi saurin sabawa da mutane da bisashe. Sun ce lada ta zo nan da nan bayan aiki, in ta yi jinkiri kare ba zai gane dalilinta ba. Ka gani? Abin da littafi ya faɗa, mafarauci ya daɗe yana yin sa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma abin da littafi ba zai iya ba ka ba. Ba zai sa idonka ya gane motsin kunnen kare ba. Ba zai koya wa muryarka lokacin tsawa da lokacin lallashi ba. Wannan sai wanda ya sha rana da ƙaya tare da karnuka.

Ko malamanmu na addini, da suka yi bayanin farauta, aikin karen suka duba. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, in an ambaci sunan Allah. Yaya ake gane horarre? Malamai suka ce: in an aike shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Wato kare da kansa shi ne shaidar mai horon sa.

Karenmu a ƙasar Turawa

Ka san dogon karen nan mai siririn ciki na Abzinawa, wanda ake gani wajen Cintabaradan da Tasara? Su suna ce masa oska. Bayan 1970 da kaɗan Turawa suka fara kai shi Turai. Suka sa masa sunan kwarin Azawak, wanda ya ratsa arewacin jihar Tawa har cikin Mali. Suka auna shi suka rubuta: namiji tsawonsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 64 zuwa 74, nauyinsa kilo 20 zuwa 25. A 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta karɓe shi sosai cikin jerin karnukanta. Yau a can ana sayar da shi da takardar asali, mai sunan uwa da uba da kakanni.

Amma wa ya fitar da wannan kare? Makiyaya ne waɗanda ba su taɓa zama a aji ba. Su suka yi ta zaɓen mai gudu da mai juriya, kaka da kakanni, har iri ya tsaya. Takarda daga baya ta zo, ta rubuta abin da ta tarar.

A Amurka ɗin ma doka ba ta tilasta wa mai horon kare ya riƙe takarda ba. Kowa yana iya cewa shi gwani ne, ya karɓi kuɗin mutane. Don haka a 2001 aka kafa wata hukuma mai suna CCPDT, mai yin jarrabawa ta ba da shaida. Kafin mutum ya zauna jarrabawarta sai ya nuna ya yi awa 300 yana horon karnuka da hannunsa. Ashe su kansu masu ba da takarda ba su yarda da karatu tsurarsa ba.

Me ya sa suke bukatar takarda a can? Don a babban birni ba ka san mutum ba, ba ka san ubansa ba, ba ka taɓa ganin karensa ba. Takarda ita ke tsayawa a madadin shaidar maƙwabta. Mu a ƙauye mun san juna. In mutum ya ce ya iya horo, sai ka ce ya kira karensa ka gani. Gani ya kori ji.

Abin da ido ba ya gani

Yanzu ka saurara da kyau, don nan ne rai yake. Na san wani dattijo a wani ƙauye arewa da Tawa. A sanin kare babu na biyunsa a yankin. Wata rana karensa ya ciji jikansa a hannu, ɗan cizo kaɗan. Dattijo ya dubi karen, ya ga yana ci yana sha, yana kaɗa wutsiya. Ya ce lafiyarsa lau. Aka shafa wa yaro magani, rauni ya warke. Bayan ƴan kwanaki kare ya canza hali, ya shiga daji, ba a sake ganin sa ba. Wajen wata biyu sai yaro ya fara zazzaɓi. Aka miƙa masa ruwa, maƙogwaronsa ya shaƙe, ya firgita. Da aka kai shi gidan likita lokaci ya riga ya ƙure. Allah ya jiƙansa.

Dattijon nan bai yi ƙarya ba, kuma ba sakaci ya yi ba. Abin da ya kashe yaron ido ba ya ganin sa. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce ƴar mitsitsiya. Tana cikin yawun dabba. Tana iya kasancewa a yawun kwanaki kaɗan kafin kare ya nuna wata alama. In ta shiga ta rauni sai ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Kuma ba kowane mahaukacin kare ke gudu yana cizo ba. Wani yakan kwanta shiru, baki a sake, yawu na zuba. Da zarar alamu sun fito ga mutum, kusan babu mai tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe wajen mutum 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare suke samun sa. Cikin 10 da suka mutu, wajen 4 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15.

Amma akwai rigakafi. Tun a 1885 wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro mai shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuwa ya rayu. Wannan ilimi a ɗakin bincike aka same shi, a lakwal ake koyar da shi. Likitocin dabbobi na ƙasarmu da yawa sun yi karatu a makarantar Dakar wadda aka kafa a 1968. Ƙananan ma'aikatan kiwo kuma ana horar da su a Kolo, kusa da Yamai. Mai yiwuwa wani daga cikinsu bai iya sa kare ya kamo zomo ba. Amma ya san yawan maganin da ake ɗura wa sirinji, ya san allurar da kwananta ya wuce, ya san dole a ajiye ta cikin sanyi, in ta sha zafin rana ƙarfinta ya tafi. A nan takarda tana da nauyi, don kai ba za ka iya gwada allura da ido ba kamar yadda kake gwada kare.

Ka tuna ciwon bushiya da ya riƙa share garken shanu? Makiyaya sun san alamunsa sarai, amma sani bai hana mutuwa ba. A 1962 aka fara babban gangamin allura a Nijar da maƙwabtanta. Makiyaya suka kawo shanu, ma'aikata suka kawo allura. A 2011 aka yi shelar cewa ciwon ya ƙare a duniya baki ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da za ka yi

Na ɗaya: wanda zai horar maka da kare, dubi karensa. In yana jin kira, ba ya ɓuya don tsoro, ba ya cizon yara, to ka samu malami.

Na biyu: wanda zai yi wa karenka allura, dubi takardarsa. Ka je ma'aikatar kiwo. Ka guji mai yawo da kwalba cikin aljihu a kasuwa. Kwikwiyo in ya kai wata 3 ana iya yi masa allurar hauka. Ka karɓi katin allura, ka karanta ranar da za a sake. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 allura a gari, ciwon yakan daina yaɗuwa.

Na uku: in kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Kada a ɗaure raunin tam, kada a tsaya neman ganye. A tafi gidan likita ran nan. In ana iya tsare karen ba tare da haɗari ba, a ɗaure shi a lura da shi kwana 10, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a kai wanda aka ciza.

Na huɗu: ka koya wa yara su faɗa in kare ya cije su, ko cizon ƙarami ne. Yaro yakan ɓoye don tsoron faɗa.

Kai da kake karanta wannan, kana da hannu tun da can. Kiwo da noma da farauta ba a aji ka koye su ba, kada kowa ya raina maka su. Yanzu ga shi ka ƙara da karatu. Kana iya duba kati, kana iya karanta kwanan wata a jikin kwalba, kana iya tambayar mai allura ina shaidarsa. To, ka karanta wa tsohon mafarauci na garinku wannan shafi, shi kuma ka roƙe shi ya nuna wa ɗanka yadda ake riƙon kwikwiyo.

Allah ya tsare mana yara da bisashe. Allah ya ƙara mana fahimta. Amin.